Alhaji Bawa da Mai Kwasar Shararsa

Duk wanda ya san Alhaji Bawa ya san kwandon shararsa. Ranar Juma'a, kafin ya yi nasa wankan, sai ya wanke kwandon da omo da soso, ya kife shi a rana. Sharar ma ba ya zuba ta haka nan. Naɗe ta yake yi a tsohuwar jarida, ya ɗaure da zare, sai ka ce kilishi zai aika wa surukai.

Na taɓa ce masa, "Haba Alhaji, shara ce fa!"

Ya ce, "Kai Isiya, hannun ɗan Adam ne zai ɗauka. A gidanku a warwatse ake miƙa wa mutum kaya?"

Ɗan Adam ɗin shi ne Mista Otis, wani dattijo baƙar fata mai tsohuwar a-kori-kura, wadda tarinta ke riga ta isowa. A ƙarshen shekarun saba'in, a unguwarmu ta Summerfield, can ƙasar Turawa, kowane gida shi ke zaɓar mai kwashe masa shara, Otis kuma da wannan motar yake ciyar da iyalinsa. Alhaji bai taɓa kai kwando bakin titi ba. Dole Otis ya zagayo bayan gida, ya zauna, ya sha shayi, a gaisa. Har Alhaji ya koya masa "Ina gajiya?" da "Yaya iyali?"

Matar Alhaji, Hajiya Larai, takan leƙo ta taga. "Alhaji, ka sallami bawan Allah, gidaje na jiransa!"

"Gidajen suna da ƙafa ne?"

Ranar layya kuwa, cinyar rago ta Otis ce. Mu da muka yi fiɗa sai mu kalla. Da na yi ƙorafi sai Alhaji ya ce, "Kai da ciki ka zo. Shi da mota ya zo, zai tafi da ƙazantar tumbin."

Sai ga magana ta taso a ƙaramar hukuma: a bar kowa da mai shararsa, ko a damƙa unguwa duka ga kamfani guda. Aka sa ranar taron jin ra'ayin jama'a. Masu son kamfani ba su rasa hujja ba. Kullum mota, yau ta wane, gobe ta wance, titi ya farfashe, karnuka na yaga leda. Ni ma bayansu nake. Na san motar Otis za ta rasa aiki, na kau da kai.

Alhaji ya ce, "Duk da haka kai za ka tuƙa ni wurin taron. Maƙiyi mai mota ya fi masoyi a ƙafa."

Ya sha babbar riga, ya kafa hula. Aka gaya masa lokacin kowa ƙayyadadde ne, ƙararrawa na kaɗawa sai ka zauna. Ya kama lasifika ya dubi shugaban zaman, da Turancinsa na ƙarfin hali, ya tambaye shi ya ya kwana. Yaya gajiya? Yaya iyali? Yara fa? Ya koma kan na kusa da shi. Da ya iso kan wata mata mai tabarau, har lafiyar tsohuwarta ya tambaya, ita kuma ta rikice ta ce ai tana fama da ƙafa. Yana cikin yi mata jaje, ƙararrawa ta yi ƙara!

Shugaban ya ce, "Lokacinka ya ƙare, ba ka ce komai ba."

Alhaji ya gyara riga. "Na faɗa mana. Wannan shi muke yi da mai sharata. Kamfaninku zai tambayi ƙafar tsohuwarta?"

Aka yi ta dariya. Ni na sunkuya kamar in shige ƙarƙashin benci. Kamfani kuma ya yi nasara.

Kun zaci shi ke nan? Ina! Kowane mako Alhaji zai kai wa babbar motar kamfanin kwandonsa bakin titi, a wanke tas, babu ko ɓawon albasa a ciki. Da aka ce Otis ba shi da izinin kwasar shara a unguwar, sai Alhaji ya bincika, aka ce masa mutum na iya kai tasa juji da kansa. Daga ranar, duk Asabar yana zaune a gaban a-kori-kurar Otis, hula na taɓa rufi, ƙunshin jarida a baya.

Wani maƙwabci ya tare su. Alhaji ya leƙo ya ce, "Sharata na ɗauka. Abokina ya rage mini hanya. Shi ma an hana?"

Gidajen Otis sun tafi duka, sai wannan guda. Suna nan a haka har Alhaji ya kwanta ciwon ajali.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta muna zaune a bayan gidan, sai muka ji tarin motar. Otis ya zagayo, hularsa a hannu, ya tsaya gaban Hajiya. Ya ce, "Ina gajiya?" Na tashi na zuba masa shayi, abin da ban taɓa yi ba.

Allah Ya jiƙan Alhaji Bawa. Yadda bai bar kowa a bakin titi ba, Allah kada Ka bar shi a bakin ƙofa. Amin.