Sosejin cikin shinkafar Hajiya

A shekarun da nake zuwa Guangzhou sarin jakunkuna, a wajen wata Hajiya 'yar zangon Kumasi muke cin abincin rana. Ƙaramin ɗaki ne a wani bene bayan ginin kasuwar Tianxiu. Ta yi dafa-duka, mu jeru kan tabarma, Kanawa da 'yan Nijar. Da naman rago ya yi tsada sai ta fara yanka sosejin kaza a ciki, wanda take saye a shagon wani ɗan Chaina Musulmi mai farar hula. Muka yi ta ci muna santi.

Akwai wani Alhaji, dillalin takalma a titin Zhanxi Lu, da ya nemi aurenta ta ce a'a. Wata Juma'a, ɗakin cike maƙil, ya soki yanki ɗaya da tsinken sakace ya ɗaga sama.

"Hajiya, tun yaushe kike ciyar da mu alade?"

Hannaye suka tsaya cak a kwano. Wani ɗan Maraɗi ya fita da gudu yana kakarin amai.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Kaza ce." Ta ɗauko ledar sosejin ta nuna masa rubutun Larabcin halal da ke jiki.

Ya yi dariya. "A garin nan? Inda za a buga maka duk tambarin da kake so a takalmi kafin la'asar?"

Ta ɗebi sosejin ta cusa a baki, tana taunawa tana hawaye.

"Kun gani ko?" in ji shi. "Ta saba."

Na ce na san shagon, a zo mu je a tambaya. Ya ce wanda ya ci ya ƙoshi ai dole ya kare. Ba wanda ya bi ni.

Kafin mako ya zagayo an laƙaba mata Hajiya Alade. Ta koma rago zalla, bai hana komai ba. Mutanen da ta dama wa kunu suna kwance da zazzaɓi suka riƙa tsallake titi in sun hango ta. Ni da wani dattijo muka rage, tukunya ba ta ƙarewa, da yamma ta zubar.

Da na dawo bayan babbar Sallah, wani baƙo ɗan Chaina ne ya buɗe min ƙofar, ya girgiza kai ya ce "meiyou", wato babu. An ce ta koma Kumasi, sunan ya riga ta sauka, ko a gidan biki ba a barinta ta taɓa tukunya. Alhajin kuwa ya buɗe nasa wajen abinci a bene na sama, kullum cike.