Muryar Safiatu a Matattakalar Bene

Baba Braimah ya tsufa yana gyaran famfo da hitar ɗumama ɗaki a wani tsohon bene kusa da titin Fordham Road a unguwar Bronx, har kunnuwansa suka gaji. Likita ya ce na dama ya mutu, na hagu ma yana hanya. Tsohon bai damu da rasa hayaniyar titi ba. Abu ɗaya yake so ya ji kafin shirun ya rufe shi: muryar matarsa Safiatu, wadda ta rasu tun 'yarsu Zuweira tana rarrafe.

Kuma muryar tana nan, a faifai! Farkon zuwansu daga Kumasi, wasu samarin Turawa uku suka kama ɗaki a benen, kullum cikin baƙaƙen kaya sai ka ce masu zaman makoki. Ba su da situdiyo, sai su ja wayar makirufo zuwa matattakala, don can sauti ke yawo ya dawo. Kiɗan nasu ba na rawa ba ne sam. Jita ce ke narkewa a hankali, kamar ana biki a ƙetaren ruwa kai kana gyangyaɗi. Wata rana Safiatu ta sauko da kwandon wanki, goyo a baya, tana waƙar rarrashi. Suka roƙe ta ta sake. Ta yi musu dariya, ta sake, suka naɗi muryar.

Faifan bai yi kasuwa ba. Sai a 2014 yaran zamani suka tono shi, aka sake bugawa. Zuweira, yanzu nas ce mai 'ya'ya biyu, ta samo ɗaya ta kawo wata Lahadi bayan azahar.

Braimah ya manna kunnen hagu a jikin sifika. Yana jin gurnanin ganga can ƙasa-ƙasa, amma inda muryar mace take, ba komai. Zuweira ta ƙure sauti har maƙwabta suka buga bango. Ba komai dai. Wallahi abin ya yi masa ciwo.

Ya juyo zai ce ta kashe, sai ya gan ta ido a rufe, hawaye har haɓa.

"Kina jin ta?"

"Ina jin ta, Baba."

"Yaya take?"

Zuweira ta durƙusa, ta kawo bakinta dab da kunnensa, ta bi waƙar da Hausarta ta 'yan Bronx mai karkacewa. Tsohon ya kasa kunne. Can ya kama hannunta.

"A'a, uwarki ba ta sauri haka. Ja ta a hankali, yarinya."