Abin da Na Yi wa Ɗana Caji a Ofis

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata muka zauna a ƙaramin ɗakin taro na sakatariya. Mu bakwai ne. Akwai kansila mai kula da lafiya, shi ne shugaban zaman. Akwai wasu kansiloli biyu, da wakilin hakimi, da limamin masallacin sakatariya, da wata jami'ar lafiya, sai ni, mai rubuta abin da aka tattauna. Ba zan faɗi wace ƙaramar hukuma ce ba. Gidana dai yana Gwadangaji, a Birnin Kebbi, kuma a kan mashin nake zuwa aiki in dawo kullum.

Bayan addu'a, jami'ar lafiyar ta buɗe jakarta ta fito da wasu abubuwa uku ta jera a kan tebur. Kowanne bai wuce tsawon yatsa da rabi ba. Ta ce wani shugaban makaranta ne ya ƙwace su a hannun ɗalibai. Ɗaya daga cikin kansilolin ya ɗauki guda yana jujjuyawa, ya ce shi dai biro yake gani, a ba shi takarda ya gwada. Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce sigari ne na lantarki, yara suna ce masa shishar aljihu. Ana yi masa caji kamar waya, ana zuba masa wani ruwa mai ƙamshin kayan marmari, kuma a cikin ruwan akwai sinadarin nan na taba da ke kama mutum ya kasa bari. Ba ashana, ba toka, ba wari.

Na tsakiyar kore ne. Na daina rubutu. A daidai wannan lokacin akwai irinsa sak a ofishina, bayan kabad ɗin fayil, a jikin soket, kuma ni na sa shi da hannuna tun ƙarfe takwas saura.

Dole in koma baya, don a fahimci abin bi da bi.

'Ya'yana biyar. Babbansu namiji ne, a lokacin shekararsa goma sha bakwai, ya gama jarrabawar ƙarshe ta sakandare ke nan. Da yake ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa zama da shi mu yi hira ba. In ina da magana da shi, uwarsa nake gaya wa, ita kuma ta aiki ƙanwarsa, don ita ma kunyarsa take ji. Haka mahaifina ya yi da yayana, haka na tarar, kuma ban ga aibu a ciki ba. Ina alfahari da abin ma.

Amma ina da tsarina na sa ido. Kullum bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, duk yaron da zai shiga sai ya durƙusa ya gaishe ni. Da hanci nake bincike. Na san warin taba ko da an wanke baki da sabulu, na san na shisha, na san na sholisho. Babban kuwa in ya durƙusa, ƙamshin mangwaro nake ji, wani lokaci na na'ana'a. Na ɗauka cingam ne. Har na taɓa ce wa uwarsa yaron nan yana da tsafta.

Sai tiransifomar unguwarmu ta ƙone, muka yi wata uku ba wuta. A sakatariya akwai janareta. Don haka kowace safiya uwargida takan tattara wayoyin gida a cikin leda, da fitilar caji, in rataya a mashin. Wata rana na ga koren abin nan a ciki. Na tambaye ta mene ne. Ta aiki ƙanwarsa, ta dawo ta ce wai na karatu ne, ana adana darasi a ciki. Yaron yana tsaye a tsakar gida, taku goma tsakaninmu. Ban tambaye shi ba. Na sa a leda. Kuma saboda an ce na karatu ne, shi nake fara sa wa caji, kafin wayata.

To, mu dawo ɗakin taro. Shugaban zaman ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan abu a cikinmu. Liman ya ce bai taɓa ba. Wakilin hakimi ya ce bai taɓa ba. Da aka zo kaina, na sunkuyar da kai kamar ina gyara rubutu. Wannan shi ne kuskurena na farko.

An yanke shawarar a tsara dokar ƙaramar hukuma mai sharuɗɗa uku: kada a sayar wa wanda bai kai shekara goma sha takwas ba, kada a sayar kusa da makaranta, kuma duk mai sayarwa ya yi rajista don duba-gari su san inda yake. Aka ce ni zan rubuta daftarin, tunda an san ni da tsari.

Na koma ofis na rufe ƙofa. Na cire abin daga soket na kai hanci. Mangwaro. Na jefa shi a aljihun tebur na kulle.

Da na isa gida na raba wa kowa wayarsa kamar kullum. Babban ya durƙusa, ya miƙo hannu biyu, na ba shi wayarsa kaɗai. Hannunsa ya ɗan tsaya a buɗe. Ya dubi ledar, ya ga babu komai a ciki, ya tashi ya shiga gida. Ban kira shi ba.

Kwana uku ina tunanin abin yi. Ranar Juma'a na ce wa uwarsa ta haɗa masa kaya, gobe zai tafi Argungu wurin kawunsa, yayanta, ya taya shi noman shinkafa har sakamakon jarrabawa ya fito. Ta tambaye ni ko ya yi wani laifi. Na ce zaman banza ne ba na so. A lissafina, in na raba shi da abokan Birnin Kebbi, na raba shi da abin. Kawun mutum ne mai zafi, ga aikin fadama ba ya barin yaro da sauran ƙarfi. Kuma yaron yana son Argungu. Tun yana ƙarami can yake hutu, can ya koyi iyo, har kawun yana cewa a cikin sa'o'insa babu mai daɗewa a ƙarƙashin ruwa kamarsa.

Na buga wa kawun waya na ce ga yaro nan zuwa, a sa shi aiki. Ban gaya masa dalili ba. Kunya ta hana ni in ce wa surukina ni ma'aikacin hukuma, mai rubuta doka, wata uku ina yi wa ɗana cajin sigari. Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko girma.

Da safiyar Asabar ya zo ya durƙusa da jakarsa. Ya daɗe a durƙushe, fiye da yadda sallama take buƙata. Na dubi bango na ce Allah ya kiyaye hanya.

Daga nan na duƙufa a kan daftarin. Na rubuta shi sau huɗu. Na ɗauka in dokar ta fito, na biya abin da na yi. Fayil ɗin ya bar teburina ya je na shugaban sashen lafiya, ya yi sati biyu. Ya je wurin mai ba da shawara kan shari'a, shi kuma ya rubuta a gefe cewa a bincika ko wannan hurumin ƙaramar hukuma ne ko na jiha. Aka rubuta wasiƙa, aka jira amsa. Kafin ta zo, wa'adin kansilolin ya ƙare. Waɗanda suka biyo baya suka ce ba su san da zancen ba, a sake gabatarwa daga farko. Ba na zargin kowa. Kowane tebur ya bi ƙa'idarsa, kuma ni ne na fi kowa son a bi ƙa'ida. A duk tsawon lokacin, a hanyata ta zuwa aiki, ina ganin abin a rataye a shagunan kayan waya, tsakanin caja da abin sa wa a kunne, launi-launi kamar alewa. Da can ma ina wucewa ta gabansu, ban san abin da nake kallo ba.

Wata biyar yaron yana Argungu. In ya bugo waya, uwarsa ce ke ɗauka, ta ce yana gaishe ni, in ce ina amsawa. Sau biyu ta ce mini muryarsa ta dishe, yana tari. Na ce sanyin fadama ne.

Lokacin yankan shinkafa, wata Laraba da hantsi, kawun ya kira ni da kansa. Ya ce in taso yanzu. Yaron ya ɗauki buhu daga masussuka, bai yi taku ashirin ba ya zube, numfashi ya ƙi fita. Sun kai shi asibiti a bayan a-kori-kura.

Na same shi a kan gado an sa masa robar iska a hanci. Ya rame. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin tashi ya durƙusa, ma'aikaciyar jinya ta danne kafaɗarsa. Likitan, wani matashi ne da bai fi ƙanena na uku ba, ya tambaye ni ko yaron yana shan wani abu, kuma tun yaushe. Na ce ina zaton akwai, amma ban san tun yaushe ba. Ya dube ni ya ce ba ni ne mahaifinsa ba? Na ce ni ne.

Sai na kwatanta abin, tsawonsa da launinsa. Kawun yana tsaye a bayana. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wani, shuɗi.

"Malam, wanga abu kake nufi?" in ji shi. "Ai ni ka sa mishi caji ga solata kullum. Ce min ya yi na karatu ne."

Na ce shi ne.

Ya daɗe yana kallona. "Ka sani, kuma ka turo min shi ba ka hwaɗa min ba? Don mi?"



Yaron ya ƙi yin magana a gabana, sai da na fita baranda ya gaya wa likita. Shekara biyu ke nan yana sha. Da ya zo Argungu ya rasa, ya kasa barci, ya kasa cin abinci, sai ya koma sigarin kara a ɓoye, har ya samu mai sayar da na lantarkin a kusa da tasha. Daga nan ya haɗa biyun. Likitan ya yi mini gaskiya. Ya ce ba zai rantse cewa abu ɗaya ne ya jawo ba, ga ƙaiƙayin shinkafa, ga shi ƙirjin yaron dama ba mai ƙarfi ba ne. Amma huhun ya ji jiki, kuma da an kama abin da wuri, an taimaka masa ya bari a hankali, da wuya a kai ga haka.

Na koma ciki. Kawun ya fita ya ba mu wuri. Na jawo kujera na zauna kusa da gadon, abin da ban taɓa yi ba tun ranar sunansa. Na kira shi da sunansa. Bakina ya ji sunan baƙo. Ya juyo, ya cire robar daga hanci, ya yi magana a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi.

"Baba, ran da ba ka maido shi ba, na aza kirana za ka yi. Kwana ukku ina jira. Ko duka ne, da na so."

Na mayar masa da robar. 

Ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Sunansa ya fito a kwalejin kimiyya da fasaha a shekarar, bai samu shiga ba sai ta gaba. Barin abin bai zo da sauƙi ba. Sau biyu ya koma, sau biyu ya zo da kansa ya gaya mini, don yanzu muna magana. Yana yawo da maganin numfashi na fesawa a baki a aljihu. Bara mun je Argungu gaisuwar rasuwa, yara suna ta faɗawa ruwa a bakin gulbi, ya tsaya a kan gaɓa da takalminsa a ƙafa, yana kallo. Kawunsa ya juya baya ya yi kamar yana duba waya.

Kafin in yi ritaya, an sake zama a kan daftarin. Da aka zo tambayar nan ta ko akwai wanda ya san abin, na fito da koren nan da na kulle a aljihun teburina na ajiye shi a gabansu, na ba da labarin tun daga ledar wayoyi har gadon asibiti. Ba wanda ya yi dariya. An amince a tura fayil ɗin gaba. Ranar da na miƙa makullan ofis, yana kan tebur na uku. Ina fata ya fito, don mai shago ba zai daina sayar wa yaro ba sai an hana shi. Amma ko da ya fito a makon da na rubuta shi, ba zai shiga tsakar gidana ya yi taku goman nan a madadina ba.

Don haka ga roƙona gare ka, mai karatu. Yau, kafin magariba, ka duba abin da ake sa wa caji a gidanka, ɗaya bayan ɗaya. In ka ga wanda ba ka sani ba, kada ka aiki uwarsa, kada ka aiki ƙanwarsa. Ka kira yaron da sunansa, ko da ɗan fari ne, ka zaunar da shi kusa da kai, ka tambaye shi da bakinka.