Tsinke da Tsaninta

Tun tana yarinya ake ce mata Tsinke, kuma sunan bai taɓa ɓata mata rai ba. Ko me ta ci, jikin nan ba ya nunawa. Da ta girma, ramar ce ma ta ba ta sana'a. Ita da yayarta ke da shagon labule a bakin titi. Yayar ce ke yanka ta ɗinka, sannan su je gidan mai kaya su ɗaura. Ƙa'idarsu guda ce: mara nauyi ke hawa tsani, mai jiki ta riƙe shi a ƙasa. Yayar kuwa, tubarkalla, idan ta dafa tsani ko motsi ba ya yi.

Tsinke na son saman nan. Ƙusoshi a baki, guduma a hannu, daga can take hango ƙurar da ke kan kabad da sanƙon masu gida.

"Yaya, da ke kika hau, da yanzu muna neman kafinta," takan ce.

"Ke dai riƙe da kyau, kada iskar fanka ta yi gaba da ke."

Haka suka yi ta fama har furfura ta cika kansu. Abin haushi, ba daga tsani ta faɗo ba. A ƙofar banɗaki ta zame, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya ce ƙas.

Likita ta duba hoton ƙashin, ta sa aka yi wani gwajin, sannan ta zaunar da su.

"Mama, ƙashinki ya zaizaye, cikinsa ya zama kamar soso. Idan al'ada ta ɗauke wa mace, ƙashi kan soma raguwa. Mace mara nauyi kuwa dama nata siriri ne, ba shi da ajiya."

Yayar ta gyara zama za ta yi magana.

"Ƙiba ma da nata ciwon," likitar ta tare ta. Ta rubuta magani, ta ce a sha madara, a riƙa takawa. "Tsani kuwa, ku yi sallama. Idan ƙugu ya karye, ba lallai ki sake miƙewa ba."

Maganar ta fi karayar yi wa Tsinke zafi. A ƙasa ba ta iya komai ba, ko zare ba ta iya sa wa allura.

Da hannu ya warke, aka kira su wani gida mai dogayen tagogi. Tsinke ta jingina tsani, ta cusa ƙusoshi a baki kamar ba ta taɓa ganin likita ba. Yayar ta tako zuwa gindin tsanin. Ta ajiye labulen, ta juya, ta zauna daram a kan matakin farko.

"Yaya, tashi mana. Mutane na kallo."

"Su kalla."

"To wa zai ɗaura?"

"Oho. Labule dai ko ya yage na iya ɗinke shi." Ta ɗago ta dube ta. "Ke fa, in kika karye, da wane zare zan haɗa ki?"