Kawuna Ba Lamba Ba Ne

Ko da zan tsufa har in manta lambar wayata, ba zan manta da ranar da na yi kunnen uwar shegu da umarnin ogana saboda tumatirin Kawu ba.

Lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, ina aiki a wani ɗan shagon rubuta manhaja a Sabon Garin Wudil. Wata ƙungiyar manoman rani daga wajen Ɗankaza ta kawo mana aiki. Injin ban-ruwa ɗaya gare su, kullum sai an yi cacar baki a kan wanda zai ja. Al'adarsu ita ce wanda gonarsa ta fi bushewa shi ne gaba, in bushewar ta zo ɗaya, sai wanda ya riga kai kuka. Suka ce mu sa musu wannan a wayar sakatarensu, kowa ya huta.

Oga ya yi amfani da tsarin da muke kira hif, wato tsibi: kana zuba lambobi, mafi girma ta hau sama, in an cire ta mai bi mata ta maye gurbin. Sakatare zai duba gona ya ba ta maki gwargwadon bushewarta, daga ɗaya zuwa biyar. Sai dai lambobi zalla Oga ya zuba a tsibin, sunaye kuma suna wani jeri daban. In biyar ta fito, manhaja ta leƙa jerin daga sama, ta kama mai biyar na farko. Kawuna kuwa, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne, sunansa na can ƙasa.

Da zafi ya tsananta, rabin gonakin suka koma biyar. Kafin layi ya gangaro, na sama sun sake bushewa sun sake sha. Ranar wata Juma'a sai ga Kawu a shagonmu, riƙe da itacen tumatir da ya yi yaushi. Bayan gaisuwa ya ajiye shi a kan teburina.

"'Yar nan, kwana shida ke nan. Sakatare ya ce waya ba ta kira ni ba. Me na yi mata?"

Wallahi zuciyata ta tafasa. Na buɗe aikin, na ga inda gizo ke saƙar, na nuna wa Oga. Ko kallon kirki bai yi ba.

"Kwamfuta ba ta da son kai. Ke dai kawunki kike so ki tura gaba. In kin taɓa min aiki, ki ajiye makullin shagon."

"Yallaɓai, tsibinka lafiya lau. Abin da ka zuba masa ne bai san mutum ba. Kuma taɓawa kam, sai na taɓa."

Har yau ina mamakin inda na samo wannan bakin, ni da ko ƙarin albashi ban iya roƙa ba. A gabansa na zauna na rubuta. Kowane manomi na mai da shi abu guda, abin da muke kira objek: sunansa, makinsa da lokacin da ya kai kuka, duk a ƙulli ɗaya, duk inda ya motsa a cikin tsibin tare suke tafiya. Na koya wa ƙullin yadda zai gwada kansa da ɗan'uwansa, maki tukuna, sannan wanda ya riga. Na ajiye wa Oga makullinsa, na hau bayan mashin ɗin Kawu.

A bakin fadama na sa wa sakatare sabon aikin, manoma sun kewaye mu. Ya danna. Sunan da ya fito ba na Kawu ba ne. Wani dattijo ne da ke ƙasa da shi a jerin, kwanansa takwas da kai kuka yana jira. Kunya ta kama ni, na kasa ɗaga kai. Sai na ji Kawu ya ce, "Haƙƙinsa ne, ku kai masa inji."

Bayan la'asar ruwa ya shiga gonar Kawu. Rabin tumatirin ya farfaɗo, rabi ya tafi. Oga bai neme ni ba, ni ma ban koma ba, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Abin da na koya shi ne, in za ka jera mutane a layi, to ka jera su da sunansu da tsawon jiransu, kada ka raba su da waɗannan biyun. Shi ya sa har yau da nake koyarwa, in ɗalibina ya kawo min tsibin lambobi zalla, tambaya ɗaya nake masa: wannan biyar ɗin, ta wane ne?