Halliru da Katunan da Kawunsa Ya Jera

Halliru Roni ya tashi yana ɗaura wa jakin mahaifinsa mangala zuwa kasuwar Babura. Da ya gama sakandare, ƙanen mahaifiyarsa, Malam Mamuda, tsohon akawun En'e a Kazaure, ya kai shi Kano, inda shi kawun ya koma aiki a wata ma'aikata mai kwamfuta. Zamanin kuɗin fetur ne. Aka ɗauki Halliru na gwaji, aka ce in bai iya ba, zai koma gida.

An ba shi ya rubuta 'yar manhaja mai gwada babbar manhajar ma'aikatar. Aikinta ta ɗauki kowace amsa, ta nemo lambarta cikin dubban katuna masu huji da na'urar ke karantawa, ta duba ko daidai ce. Don neman ya yi sauri, ya tsara lambobin kamar bishiya: ta farko ce gindi, ƙanana su bi reshen hagu, manya su bi na dama. Da katunan a cakuɗe, komai ya tafi lafiya.

Ana saura 'yan kwanaki shugaban sashe ya duba aikin, sai na'urar ta fara jan ƙafa. Halliru ya daina cin abincin rana. Da ya buɗe akwatin katunan, ya same su a jere daga ƙarama zuwa babba.

"Ni na gyara maka," in ji Malam Mamuda. "Kai da ka bar su kamar kayan 'yan koli. A En'e da an kore ka."

"Allah ya saka, Kawu."

Jerin ne ya ɓata aikin. Kowace lamba ta fi wadda ta riga ta girma, duk suka bi dama, bishiyar ta zama sanda ɗaya, na'ura na binta daga farko har ƙarshe. Halliru bai iya faɗa wa dattijon haka ba. In ya cakuɗe su a ɓoye, gobe Kawu zai sake jerawa.

Ya koma wa wani littafi da shugaban ya ara masa. A ciki akwai dabarar da bishiya ke daidaita kanta: gefe ɗaya na rinjaya, a juya rassan, wata lamba ta tsakiya ta zama gindi. Sai ya tuna mangala: in gefe ɗaya ya rinjaya, a gyara kayan. Sau da yawa ya huda katunan sabuwar dabarar, na'ura ta ƙi karɓa. Daga ƙarshe ta karɓa.

Ranar dubawa, ya zuba katunan a jere kamar yadda Kawu ya bar su. Kafin shugaban ya gyara zama, takardar sakamako ta fito. Aka tabbatar wa Halliru da aiki, kuma a nan ya zauna har ya yi ritaya.

A bakin ƙofa Malam Mamuda ya tare shi.

"Ka ga amfanin jera kati?"

"Na gani, Kawu."

Har dattijon ya bar aiki, kowace safiya yana jera su.