Dattijon da ya gyara wa fim zance a Kalgo

Jiya da la'asar ina shagon aski a Kalgo ina jiran layi, talabijin na nuna fim ɗin nan na maharbin haya da jami'an leƙen asiri ke farauta. An zo inda ya harbe wani attajiri daga saman bene, ya sauko ya shiga gidan abinci ya zauna yana cin nama hankali kwance.

Kusa da ni akwai wani dattijo mai farar riga, baƙo ne, ya ce motar Gwandu yake jira. Tun zamansa carbi kawai yake ja. Sai ya girgiza kai.

"Nan sun yi ƙarya," ya faɗa a hankali. "Bayan wanga aiki nama ba ya ciwuwa. Ko ƙanshinsa mutum ba ya so."

Mai aski ya kashe injinsa. Na yi dariyar yaƙe na ce, "Baba, halan soja kuka yi?"

"A'a."

"To ɗan sanda?"

Ya juyo ya dube ni, dubawa mai tsawo, kamar yana haddace fuskata. "Ɗana, Allah Ya sa mu cika da imani."

Ya miƙe ya yi mana sallama. Muka leƙa, ba tasha ya nufa ba, bayan shaguna ya bi. Babu wanda ya sake kallon talabijin.

Har yanzu dubawar nan ba ta bar ni ba. Jama'a, da ku ne a wurin, me za ku ɗauka yake nufi?